Kulle ko ɓoyayyen tambari: wanne zai tsare mini fim daga masu turi?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Injiniya. Ina shirya fim mai dogon zango a Kano. A da a YouTube nake saki, amma kuɗin talla ba ya mayar mini da abin da na kashe, shi ya sa na koma sayarwa kai tsaye: mutum ya turo kuɗi, in tura masa fitowar makon. Matsalar ita ce kafin gari ya waye ta bazu a Telegram da shagunan masu turi. Wani mai haɗa manhaja ya ce zai yi mini manhaja mai kulle, wadda ba a iya sauke fim daga cikinta ko naɗar allo, amma kuɗin da ya yanka mini mai yawa ne. Wani abokina kuma ya ce in rabu da batun kulle, in riƙa sa ɓoyayyen tambari a kowane kwafi don a gane wanda ya fitar. Shin da gaske tambarin zai iya maye gurbin kulle? Wanne ya kamata in zuba kuɗina a kai?"

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya mayar maka da abin da ka kashe. Idan na fahimce ka daidai, kuɗin da ke hannunka ba zai isa abu biyu ba, kana so ka san inda za ka sa shi: a manhajar da za ta hana mutum kwafar fim ɗinka, ko a dabarar da za ta ƙyale shi ya kwafa amma ta tona masa asiri daga baya. Sana'ata ke nan, haɗa tsarin da ke kai bidiyo da sauti daga mai shi zuwa wayar mai saye, don haka zan fara faɗa maka matsayata sannan in kawo dalilai. A matsayinka na furodusa mai sayarwa kai tsaye, ban ga hikimar ka zuba jarinka a kulle ba. Tambari ya fi dacewa da kai, amma ka sani tun yanzu cewa ba ya tare kowa. Suna kawai yake ba ka, kuma sunan ba zai amfane ka ba sai ka san wanda ka sayar wa, kana bibiyar inda kayanka ke ɓulla, sannan kana da matakin da za ka ɗauka.

Kulle kamar kwaɗo ne a ƙofar garke. Tambari kuwa shaidar nan ce da makiyayi ke yi wa saniya a kunne ko a cinya: ba ta hana a kore ta da dare, amma ranar da aka kai ta kara za a gane ta. Bambancin kawai shi ne a nan kowane mai saye da irin shaidar da ake yi wa tasa.

Me ya sa kulle ba ya riƙewa

Abin da ake kira DRM, wato kullen da manyan kamfanoni ke amfani da shi, aikinsa shi ne a cuɗe bayanan fayil ɗin ta yadda ba zai buɗu ba sai da mabuɗi, sannan a miƙa mabuɗin ga manhajar da ke cikin wayar wanda ya biya. A nan raunin yake, kuma ba rauni ba ne da ƙwarewar mai haɗa manhaja za ta toshe. Idan ka aika wa banki saƙon sirri, wanda kake ɓoye wa daban ne, wanda kake aika wa daban. A fim kuwa mutum ɗaya ne: wanda kake tsoron ya sata shi ne wanda dole ka ba wa mabuɗi ya kalla. Duk dabarar ta tsaya a kan ɓoye masa mabuɗin a cikin wayarsa, wadda ke hannunsa dare da rana.

Tarihi ya sha nuna ƙarshen wannan. Faifan DVD ya fito a 1996 da kullen da ake kira CSS. A 1999 aka saki wata 'yar manhaja mai suna DeCSS da ke buɗe shi, kuma cikin waɗanda suka rubuta ta har da wani yaro ɗan Norway, Jon Johansen, mai shekara 15. A 2010 babban mabuɗin HDCP, wanda ke tsare hoton da ke bi ta wayar HDMI zuwa talabijin, ya fita duniya. Widevine na Google, wanda wayoyin Android ke amfani da shi, yana da matakai: L1 yana ɓoye mabuɗi a wani keɓaɓɓen sashe na injin wayar, L3 kuwa manhaja ce zalla, kuma a farkon 2019 wani mai bincike ya sanar da cewa ya karya L3. Da yawa daga wayoyi masu araha a kan L3 suke. Masu waɗannan kullen kuwa kamfanoni ne masu biliyoyin daloli da rundunar injiniyoyi.

Ka kuma tambayi mai manhajar taka ainihin abin da zai sa. Sau da yawa abin da ake sayar wa mutanenmu da sunan kulle ba DRM ba ne ma, umarni guda ne da ke cikin Android wanda ke sa allo ya yi baƙi idan aka yi yunƙurin naɗa. Yana da amfani daidai gwargwado, amma ba ya hana mutum ya jingina wayar a bango, ya kashe fitila, ya ɗauka da wata wayar. Duk abin da ido ya gani, kunne ya ji, kyamara za ta iya kamawa, kuma mai kallon da ya saba da fim ɗin da aka matse ya koma megabayit 80 ba zai damu da ɗan dushewar hoto ba. Ba a buƙatar kowa ya iya karyawa. Mutum ɗaya ya isa, sauran dubu goma daga wajensa za su karɓa, babu kulle babu wahala.

Wanda ke shan wahalar kuwa shi ne mai gaskiyar da ya biya ka. Shi ne zai buƙaci data duk lokacin da manhajar ke son tantance shi. Shi ne ba zai iya mayar da fim ɗin kan memori ya sa wa iyalinsa a talabijin ba. Shi ne zai kira ka yana faɗa ranar da ya canza waya. Kuma idan wata rana ka kasa biyan kuɗin saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ta dogara da ita, duk abin da ya saya ya tafi. Wannan ba hasashe ba ne: a 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan intanet, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, sai dai aka mayar musu da kuɗinsu. Masu sayar da waƙa sun daɗe da gane haka. A Fabrairun 2007 Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kira ga kamfanonin waƙa su bar DRM, zuwa 2009 kuma Apple ya cire shi daga waƙoƙin iTunes baki ɗaya. Abin da ya bari a cikin fayil ɗin shi ne sunan mai saye da adireshinsa na imel.

Don adalci, kulle bai mutu ba. Netflix da takwarorinsa suna amfani da shi har gobe, saboda su haya suke bayarwa ba sayarwa ba, kuma masu fina-finan da suke karɓa sun shardanta musu shi a kwantiragi. Yana kuma rage rabon da ake yi ba da niyyar sata ba, irin na "turo mini in gani". Amma kai ba wannan ne ciwonka ba. Ciwonka shi ne mutum guda mai niyya, wanda ke da shago ko tasha a Telegram.

Yadda tambarin yake aiki

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masu yin takarda a garin Fabriano na Italiya sun fara saƙa alama a jikin takarda tun ƙarshen ƙarni na 13, alamar da ba a gani sai an ɗaga takardar sama ta fuskanci haske. Da yawa daga tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu na Sakkwato, Kano da Borno an yi su ne a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku, wadda fatake suka riƙa kawowa ta Sahara, kuma masu bincike suna duba irin waɗannan alamomi don ƙiyasta lokacin da aka kwafi littafi. Alamar ba ta hana karatu, ba ta hana kwafi, tana dai faɗin asalin takardar.

A bidiyo, abubuwa uku ne mutane ke haɗawa a kira su da suna ɗaya, alhali aikinsu ya bambanta. Akwai tambarin kamfani da ke maƙale a kusurwar allo, iri ɗaya ga kowa. Wannan talla ce da nuna mallaka, ba ya gaya maka wanda ya fitar. Akwai na fili amma na mutum guda, kamar lambar nan da ke ɓulla a allo ta ɓace lokacin da ake kallon ƙwallo a wasu tashoshin tauraron ɗan adam: lambar katin mai dikodar ce, don idan ya watsa wasan a intanet a yanke shi. Sai na ukun, wanda abokinka ke nufi, ɓoyayye wanda ido ba ya gani. Suna da imel ɗin da Apple ke bari ba sa cikin ukun nan, domin a gefen fayil aka rubuta su, ba a cikin waƙar ba, kuma ƙaramar manhaja tana goge su cikin daƙiƙa.

Ɓoyayyen tambari a cikin hoton kansa yake zaune. Kowace daƙiƙa ta fim ɗinka hotuna ne kamar 25 a jere, kowane hoto kuma ɗigo ne kusan miliyan biyu idan babban tsari ne, kowane ɗigo da lambar haskensa daga 0 zuwa 255. Idan aka ƙara wa wani ɗigo haske da maki ɗaya ko biyu, aka rage wa maƙwabcinsa, babu idon da zai lura. Sai a tsara wannan ƙari da ragi bisa wani zane na sirri, a baza shi a ko'ina cikin hoton, a maimaita shi a dubban hotuna. A ɗigo ɗaya ba komai ba ne, matsi ma zai iya shafe shi. Amma mai riƙe da zanen sirrin, idan ya tara miliyoyin ɗigo ya auna, sai karkatar ta fito fili ta ba shi jerin sifili da ɗaya, wato lambar mai saye. Masu ƙwarewa suna tura canjin inda hoto ke da hayaniya, kamar ganyen bishiya, zanen atamfa ko cunkoson kasuwa, su sassauta a kan farin bango da fuskar mutum. A sauti ma haka ne: ana ɓoye shi a ƙarƙashin ƙara mai ƙarfi, inda kunne ba ya rarrabewa. Saboda alamar ta zama ɓangare na hoto da muryar, mai kyau daga cikinta tana bin fim ɗin ko da da wata waya aka ɗauke shi daga allo. Abin da ya gagari kulle ke nan.

Gidajen silima na zamani a kan haka suke. Ƙa'idar DCI da manyan kamfanonin Hollywood suka fitar a 2005 ta tanadi cewa injin haska fim ya riƙa dasa alama a hoto da sauti, mai ɗauke da lambar injin da lokaci. Idan wani ya ɗauka da kyamara, za a san silimar, da ranar, da sa'ar.

Za ka ce, to kowane mai saye sai an haɗa masa fim ɗinsa daban? A ce kana da masu saye 500, fitowa ɗaya megabayit 300, ka ga gigabayit 150 ke nan duk mako, ban da lokacin da kwamfuta za ta ci. Masu watsa bidiyo kai tsaye sun warware wannan da wata dabara mai ban sha'awa. Dama can bidiyon intanet gunduwa-gunduwa yake zuwa, kowace 'yan daƙiƙu. Sai a yi kwafi biyu kacal, A da B, masu ɓoyayyiyar alama daban, a riƙa haɗa wa kowane mai kallo nasa jerin: wannan ya samu A, A, B, A, wancan ya samu B, A, B, B. Gunduwa 20 sun isa su ba da jeri daban-daban har 1,048,576. Idan kowace daƙiƙa 4 ce, cikin daƙiƙa 80 an rubuta lambar mutum. A aikace ana maimaitawa sau da yawa saboda yankewa da lalacewa, don haka akan buƙaci mintuna kafin a tabbatar. Kamfanoni irin su Nagra, Irdeto, Verimatrix da Friend MTS wannan suke sayarwa, sai dai farashinsu na manyan tashoshi ne.

Inda ya yi aiki, da inda ya tsaya

A farkon 2004 aka ga wasu fina-finai a intanet, daga cikin kwafin da ake aika wa masu zaɓen kyautar Oscar. Alamar da ke ciki ta kai masu bincike ga wani tsohon ɗan wasa, Carmine Caridi, wanda ke aika nasa ga wani mutum a jihar Illinois. An kori Caridi daga ƙungiyar masu ba da kyautar. Ka lura da abin da ya sa ta yi tasiri: mutanen sanannu ne, adadinsu ƙayyadadde, kuma kowannensu yana da mutuncin da zai rasa. A 2012 shagon Pottermore ya fara sayar da littattafan Harry Potter na intanet babu kulle, da alamar mai saye kawai, a lokacin da kusan duk manyan masu buga littafi ke ganin hakan ganganci ne.

Amma a Disambar 2015 an sake samun irin wannan yoyon, alamar ta nuna kwafin da aka aika wa wani shugaban kamfanin fim, shi kuma ya ce faifan bai taɓa zuwa hannunsa ba, wani ne a ofis ya sa hannu ya karɓa. Wannan ita ce iyaka ta farko kuma mafi girma: tambari yana faɗin kwafin wa ne, ba ya faɗin hannun wa ya fitar. A wajenmu abin ya fi tsanani. Waya ɗaya mutum biyar ke taɓawa a gida. Ana kai ta wajen mai gyara, ana barin ta a shagon caji. Sannan ga batun biya: da yawa daga masu sayenka ta wajen mai POS suke turo kuɗi, sunan da ke fito maka a alat na mai POS ɗin ne. Idan da wannan sunan ka ɗaura lambar, ka ɗora wa bawan Allah laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Iyaka ta biyu: wanda ba shi da abin rasawa, suna ba ya tsorata shi. Mai turi zai sayi fitowar da sabon layi, ka gano shi ka toshe, mako mai zuwa ya dawo da wani layin. Idan kuma a Maraɗi yake, ko Kumasi, ko Jidda, ko ka san sunansa kai masa hannu wani aiki ne daban.

Ta uku, ana iya yaƙar alamar kanta. A 2000 gamayyar kamfanonin waƙa da ake kira SDMI ta ƙalubalanci duniya a cire alamominta, tawagar Edward Felten na jami'ar Princeton ta cire su, ta gabatar da sakamakon a 2001 bayan an yi mata barazanar shari'a. Mutum biyu ko uku kuma za su iya sayen kwafinsu, su gauraya, don lambar ta rikice. Akwai maganin wannan a lissafi, musamman tsarin da Gábor Tardos ɗan Hungary ya fitar a 2003, wanda ke kama aƙalla ɗaya daga cikin masu haɗa bakin ba tare da an zargi na waje ba, amma yana buƙatar doguwar lamba. Gaskiyar magana, masu turin da ke damunka ba za su kai nan ba. Babban abokin gabar alamarka shi ne matsin da WhatsApp ke yi wa bidiyo, da yanke gefen hoto, da manna wani tambarin a kan naka. Kuma kullum akwai ja-in-ja tsakanin abu uku: ƙarfin alama, ɓuyarta, da yawan bayanin da take ɗauka. Ka ƙarfafa ta, ta fara bayyana. Ka ɓoye ta sosai, matsi ya cinye ta.

Kada kuma ka haɗa wannan da Content ID na YouTube, wanda aka fara a 2007. Shi ba ya dasa komai, kamannin fim ɗinka yake ajiyewa ya riƙa kwatantawa da abin da ake ɗorawa. Yana gano maka cewa an ɗora, tambari kuma ya gaya maka ta hannun wa aka bi. Kana buƙatar hanyar ganowa ko ta wane hali, ko da yaro ɗaya ne da zai shiga tashoshin Telegram ɗin nan ya riƙa dubawa daren saki. Alamar da ba a je an karanta ba, daidai take da babu.

Abin da zan yi da ni ne kai

Kafin ka zargi masu saye, ka duba gida. A aikina na sha ganin cewa yoyon da ya fi ciwo, wanda ke fita kafin ranar saki ko cikin cikakken inganci, daga cikin ma'aikata yake: edita, mai sa kiɗa, mai rubuta fassarar Turanci a ƙasa, mai haɗa talla, ko wani babba da aka tura wa ya sa albarka. Da ɗan gari akan ci gari. Wani mai sayar da darussan bidiyo da na yi wa aiki ya rantse masu saye ne ke cutarsa. Muka yi wa kowane ma'aikaci kwafinsa daban, da hannu, ba da wata manhaja mai tsada ba: a na wannan muka tsawaita wani baƙin allo da rabin daƙiƙa, a na wancan muka canza waƙafi a rubutun ƙasa, a na ukun muka sa wata 'yar lamba mai dushi-dushi a kan labulen bayan malamin a minti na sha ɗaya. Muka rubuta komai a littafi muka ajiye. Da darasin ya ɓulla a waje, lambar labulen ce a jiki, ta mai haɗa talla. Da aka zauna da shi cikin mutunci, sai ta bayyana ba shi ba ne, yaron shagonsa ne ke kwashewa daga kwamfutar idan ya fita sallah. Wannan matakin ba zai ci maka ko sisi ba, kuma a nan tambari ya fi kaifi, domin mutanen kaɗan ne, ka san su, kuma suna son ci gaba da aiki da kai. Ka sanar da su cewa kowane kwafi da shaidarsa, amma kada ka faɗi inda take.

Ga masu saye, ka haɗa biyu. Na farko, lambar fili mai yawo, wadda ke ɓulla a wurare daban-daban na allo na 'yan daƙiƙu, wani lokaci a tsakiya inda ba za a iya yankewa ba. Ita ce mai tsoratarwa, domin mutum yana ganin ta zai yi tunani sau biyu kafin ya tura wa rukuni. Manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce, tana yin wannan. Kada ka cika ta har ta ɓata wa mai kallo rai, shi ma ya biya ne. Na biyu, ɓoyayyiyar alama a sauti. Na fi son sauti ga irin aikinka saboda dalili biyu: sarrafa shi ba ya cin lokaci kamar hoto, ana iya sauya sautin kawai a bar hoton yadda yake, sannan ɓarawo zai iya yanke hoto ya juya shi, amma ba zai cire maganar 'yan wasa ba, ita ce fim ɗin. Akwai manhaja kyauta mai suna audiowmark da ke dasa lamba a sauti, mai haɗa manhajar taka zai iya ɗaura ta a kan tsarin da ke tura wa mai saye fayil. Ta fi kamawa a wuraren da ke da kiɗa da waƙa fiye da wuraren shiru.

Duk wannan ya dogara ga rajista. Kowane mai saye ya kasance yana da asusu da ke ɗaure da lambar wayar da aka tantance da saƙo, ba sunan alat ba. Ka kuma sa asusun ya zama abin da ake jin zafin rasawa: wanda ya daɗe yana saye ya samu ragi, ko ya riga sabbi gani da 'yan sa'o'i. Sabon asusu ya jira. Ta haka mai sauya layi kullum a baya yake, kuma a sana'arka sa'o'in farko su ne kuɗin.

Abin da za ka dasa ya zama lamba ce da kai kaɗai ka san ma'anarta, ba sunan mutum ko cikakkiyar lambar wayarsa ba. Idan fim ya bazu da lambar wayar matar aure a jiki, ka jawo mata fitinar da ta fi asararka, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora maka alhakin bayanan da ka karɓa. Ka rubuta a sharaɗin saye cewa kowane kwafi yana ɗauke da shaida. Idan ka kama lamba, ka dakatar da asusun, ka kira mutumin a keɓe. Ina roƙonka kada ka manna hotonsa a Facebook da sunan ɓarawo. Ka tuna da yaron shagon nan; mutuncin da ka zubar bisa kuskure ba ya kwasuwa.

Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar aika wa masu shafuka takardar neman sauke kayan sata, ta kuma haramta karya kulle da goge bayanan mallaka daga jikin aiki. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da ita. Idan magana za ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kan hujjar da ta fito daga kwamfuta, don haka ka adana asalin fayil, da rajistar wanda aka ba wace lamba da yaushe, da kwafin satar kamar yadda ka same shi. Yadda za a gabatar da su aikin lauya ne, ka nemi wanda ya saba da shari'ar haƙƙin mallaka tun kafin rikici ya taso.

Akwai kuma abin da tambari da kulle duka ba za su gyara ba. Mutumin da ke zuwa shagon turi sau da yawa ba ƙin biyanka yake yi ba, ai can ma biya yake. Ba shi da data, ko asusun banki, ko haƙurin tura kuɗi ya jira a ba shi amsa. Mai turi ya fi ka kusa da shi. Shi ya sa nake ganin ya dace ka gwada mayar da wasu daga cikin masu shagunan dillalanka: ka sayar musu da izini a kan farashin da kuka daidaita, kowane shago da kwafi mai lambarsa. Sun zama sanannu masu abin rasawa ke nan, kuma ranar da kwafin wani shago ya hau Telegram ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Game da kuɗin, kashi mafi girma ya tafi ga sauƙaƙa biya da saukewa da rajista, sai abin da ya rage ga tambari. Umarnin hana naɗar allo, idan har za ka yi manhaja, a sa shi, ba ya cin komai. Kuma duk wanda ya ce zai yi maka ɓoyayyen tambari, kada ka biya sai ka gwada shi da kanka. Ya ba ka kwafi uku masu lamba daban. Ka zaɓi ɗaya ba tare da ya sani ba, ka kunna a waya, ka ɗauka da wata wayar a ɗaki mai fanka tana juyawa, ka yanke minti biyar daga tsakiya, ka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo ba takarda ba, a sake turo maka, sannan ka miƙa masa ya faɗi na wane ne. Bayan haka ka yi wa asalin fim ɗin, wanda ba a sa wa komai ba, irin wannan aikin ka ba shi. Idan a wannan ma ya fito maka da lambar wani, ka bar tsarin nan take, domin zai sa ka zargi mutanen da ba su yi komai ba.